Abubuwa Tara da Mai Inji Yake Son Ji

Shekara goma sha tara Mai Inji ya yi ba ya ji. Injin niƙan da yake ci da iyalinsa da shi, shi ya cinye masa kunnuwa, sannu a hankali, ba ciwo ba jini. Tun yana saurayi aka ce ya riƙa toshe su da auduga, ya ce wannan aikin ragwaye ne. Ba wanda ya zalunce shi. Shi ya yi wa kansa, kuma ya san haka.

Auta, ’yarsa ta ƙarshe, mai aikin jinya, ita ta tsaya a kansa har ya yarda aka kai shi wurin likitar kunne. Aka gwada, aka sake gwadawa, aka ce na dama bai mutu duka ba. Likitar ta maƙala masa wata ’yar na'ura a bayan kunnen, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, amma ba ta kunna ta ba. Sai da ta ɗauki takarda ta rubuta masa da manyan baƙaƙe cewa kada ya yi haɗama. Kansa ya manta da sauti, in ya kwasa gaba ɗaya jiri zai ɗebe shi ya tsani abin. Ya zauna ya rubuta ƙananan abubuwan da yake son ji, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Kuma ko da wasa kada ya shiga shagon inji da ita a kunnensa.

Rubutu dai ya iya. Bayan kurumta ta kama shi ya koya, da tsofaffin littattafan ’ya’yansa, don ya gaji da a riƙa yi masa nuni a kasuwa kamar ana korar kaza. Ya yagi gefen kwalin sabulu, ya fere fensir da wuƙa, ya rubuta abubuwa tara. Takwas ɗin farko don cika umarnin likita ne. Na taran shi ne dalilin da ya sa ya yarda aka taɓa kunnensa: muryar matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna. Ya sa ta a ƙarshe yadda mutum ke ture tsokar nama gefen kwano sai ya gama da sauran.

Na farko ruwa ne cikin bokiti. Da safe Auta ta kunna masa na'urar a tsakar gida, ta rage ƙarfinta, ta tura bokitin ƙarfe ƙarƙashin famfo ta murɗa. Mai Inji ya zabura ya dafe bango. Da fari ƙara ce mai faɗi, ruwa na dukan gindin bokiti kamar ana faɗa. Can sai ta yi taushi. Can kuma sai ta fara hawa, tana ƙara siririya, tana hawa, har ya san bokitin ya kusa cika alhali idonsa a rufe yake. Ya buɗe ido, ruwa na daf da baki. Shekara goma sha tara yana tsoma yatsa ko ya tsaya yana leƙe, ashe bokiti da kansa yake faɗin cikarsa ga duk mai kunne, kyauta, kuma masu kunnen ba su taɓa tsayawa sun gode ba. Ya juye ruwan a randa ya sake tarawa. Sau huɗu ya yi.

“Baba, randar ta cika fa,” in ji Auta.

Ya juyo ya kalle ta. Rabonsa da muryarta tun tana ’yar shekara shida, tana kukan an ci mata alewa. Yanzu murya ce ta babbar mace, mai ba marasa lafiya umarni. Ya share fuskarsa da hannun riga, ya ce ruwa ne ya fantsar masa.

Inna tana tsaye bakin ɗakin girki tana kallonsu. Ta ɗaga masa babban yatsa, ta yi murmushi, ta shige. Ya ji daɗin haka. A ransa ya ce ta ga kwalin, ta san ita ce ta tara, tana jiran layi ya zo kanta. Mace mai tsari ke nan.

Na biyu tsintsiya. Ya zauna kan benci ya saurari Inna tana shara, ya gane ƙarar tsintsiya a kan siminti daban, a kan ƙasa daban, kuma in ta zo lungu tana yin gajerun bugu uku. Na uku takun ƙafarsa. Nan ya gano yana jan ƙafar hagu, sirif, sirif, kamar ɗan maye, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Ya wuni yana ɗaga ta da gangan har cinyarsa ta yi tsami. Na huɗu tsuntsaye. Shi a zatonsa tsuntsaye sun ƙare a unguwar tun da aka sare manyan itatuwa, har ya sha yi wa mutane faɗa a kan haka. Da sassafe ya fito ya tarar suna nan, a kan waya, a bakin rufin kwano, cikin ramin bango, kowanne da abin da yake faɗa, ba wanda ke jiran wani ya gama. Ya tsaya baki buɗe har shayinsa ya huce. Ya ce Allah mai iko, ya maimaita, don bai sami wata kalmar da ta fi wannan ba.

Duk wanda ya ce waɗannan ƙananan abubuwa ne, bai taɓa rasa su ba.

Na biyar ya fi wuya: tsallaka babban titi shi kaɗai. Da can sai ya duba dama, ya duba hagu, ya sake dubawa, sa’an nan ya ruga kamar an biyo shi. Yanzu ƙara na zuwa daga ko’ina, ba ya sanin wace ta gaba wace ta baya. Ya yi kusan rabin sa’a a bakin titi gumi na keto masa. Sai ya lura ƙarar mota tana kumbura in tana zuwa, tana sacewa in ta wuce. Ya jira ta sace ta ɓangarorin biyu, ya taka a hankali kamar mai gari, ya isa ƙofar Tela, tsohon abokinsa, wanda shagonsa ke kallon shagon inji.

“Kai! Kurma ya dawo duniya!” in ji Tela, ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki.

“Wa kake ce wa kurma?”

Tela ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. “Rage murya, bawan Allah, ba a ƙetaren kogi nake ba. Shekara goma sha tara kana gaishe ni kamar ka kama ɓarawo.”

“Haka nake magana?”

“Wannan ma ka sassauta. Ran da ka raɗa mini sirrin auren ’yarka, mai gyaran taya na can ƙarshen layi ne ya fara zuwa yi maka murna.”

Dama na shida ke nan a kwalin: magana ba ihu. Ya zauna kan tarin yadi, Tela na ɗinki yana ba shi darasi. In ya ɗaga murya sai Tela ya soke shi da bayan allura a gwiwa. Kafin azahar ya iya cewa sannu da aiki ba tare da kyanwar shagon ta gudu ba.

Na bakwai kuma daga nan ya yi shi, tunda an hana shi shiga. Ya ɗaga wa ƙaninsa hannu, wanda suke aikin niƙan tare, ya yi masa alamar ya tayar da inji. Shi ya san injin nan ta tafin ƙafa da tafin hannu. In bel ɗin da ke juya shi ya saki, cinyarsa ke gaya masa. In haƙoran niƙan sun dakushe, a tafin hannu yake ji. Bai taɓa tunanin akwai abin da ya rage bai sani ba game da shi. Ƙanin ya ja, inji ya yi tari sau biyu, ya kama. Mai Inji ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Ƙarar ta tsallako titi ta cika shagon Tela, ta shiga haƙoransa, almakashi na rawa a kan tebur.

“Wannan ne?” ya tambaya.

“Shi ne. Kullum, daga safe har la’asar.”

“Kuma ba ku kashe ni ba?”

“Mun sha shiryawa. Sai mu tuna ba mai niƙa mana.”

Mai Inji bai yi dariya ba. Ya nemi gafarar Tela, ya bi shaguna huɗu na kusa ya nemi tasu. Sa’an nan ya sayi auduga ya aika wa ƙaninsa, ya tsaya daga nesa sai da ya ga ya cusa ta a kunnuwa biyu.

Na takwas ruwan sama a kan rufin kwano, wannan kuwa ba a hannunsa yake ba. Kwana biyar ya jira. Ran da ya zo, da hantsi ne, su biyu ne a gida. Ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, kamar ana jefa tsakuwa, sa’an nan sama ta buɗe gaba ɗaya. Ya zauna a rumfa, Inna na gefensa tana tsince shinkafa a tire, ya rufe ido ya bar abin ya bi ta kansa. Da ruwan ya tsagaita, ya rage sai na indararo, ya ciro kwali ya ja layi a kan na takwas. Ya juyo gare ta.

“Innar yara, saura ke.”

Ta ɗago. Ta nuna tire, ta nuna ɗakin girki, ta juya hannu alamar aiki ya yi yawa, ta tashi.

A gidan nan suna da yarensu na hannu, wanda su biyu suka ƙirƙira ba malami. Shafa haɓa yana nufin ƙaninsa. Yatsa biyu a baki, abinci ya sauka. In yana nesa ya ba ta baya, tana da gwangwanin madara cike da marafen kwalba, sai ta jefe shi da ɗaya a kafaɗa, kuma ba ta taɓa kuskure ba. To, kwana goma sha biyu da sa na'ura, marafen ba su daina sauka a kafaɗarsa ba. Ya ji muryar mai gyaran taya, ya ji ta mai tallar kifi, ya ji ta akuyar maƙwabta. Ta matarsa ko tari bai ji ba. In Auta ta zo, sai su shige ɗaki su rufe ƙofa.

Ya tare Auta a zaure ranar da ta zo duba batir.

“Uwarki lafiya take? Ko maƙogwaro ke damunta?”

“Inna? Inna da ke magana tun safe har yamma?”

“Da wa?”

Auta ta ga ba mafita. “Da kai, Baba. Da bayanka. Tun ina ƙarama, in ka zauna kana gyaran wani abu ka ba ta baya, sai ta fara. Abin da ya faru a kasuwa, mafarkin da ta yi, ciwon ƙafarta, wanda ya ɓata mata rai. Har kai in ka ɓata mata, a nan take wanke ka tas, kana ta fere itace. Wani lokaci ta tambaye ka, ta ba kanta amsa da irin muryarka, mu yi ta dariya a ɗaki.”

Mai Inji ya jingina da bango. Shekara goma sha tara ana zuba masa zance a ƙeya, bai sami ko kalma ɗaya ba.

“To yanzu da zan ji, me ya hana ta?”

“Abu biyu ta ce. Wai muryar da ka sani ta mace ’yar talatin ce, yanzu kuwa ta tsufa ta dushe, gara ka zauna da waccan.”

“Shirme. Na biyun fa?”

“Ka ga irinta ko? Na biyun ke nan.” Auta ta sunkuyar da kai, amma ba ta fasa ba. “Ka yi haƙuri, Baba. Ta ce lokacin da kake ji, ba ta taɓa kai zance ƙarshe ba. In ta ce ran Talata, ka ce Laraba ce. In ta ce mutum biyar, ka ce shida. Kafin a gama gyara, ta manta abin da za ta faɗa. Ta ce sai da ka kurumce ta sami mijin hira.”

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Shi mutum ne da ba ya barin kuskure ya wuce, kuma yana ɗaukar hakan ibada. Bai taɓa lissafa abin da gyaran nan ya ci masa ba. Akwai masu ganin in sun yi daidai a kan kwanan wata sun yi daidai a kan komai. Yana cikinsu.

Ya kai wa Tela ƙara, da murya ƙasa ƙasa yadda aka koya masa.

“Wannan ai mai sauƙi ne,” in ji Tela, zare a bakinsa. “Ka koma gida ka ce batir ya mutu. Ka buga abin sau biyu, ka girgiza kai, ka zauna ka ba ta baya. Kafin shayi ya tafasa ka ji har abin da ba ka nema ba.”

“Sata ke nan.”

“Satar me? Matarka ce, kunnenka ne.”

“Abin da ba a ba ka ba, ka ɗauka a ɓoye, me sunansa?”

“To Liman, zauna da kwalinka. Takwas cikin tara ma an ci jarrabawa.”

Ya tafi yana cewa ba zai yi ba, amma shawarar ta bi shi har gida. Ya shiga, Inna na wanke kwanuka. Ta ɗago, ta taɓa kunnenta, ta juya tafin hannu sama: yaya abin, yana aiki? Girgiza kai ɗaya ya rage masa. Har hannunsa ya tashi zai bugi na'urar. Ya tsaya da hannun a sama, ya dubi matar da ba ta taɓa ɓoye masa ko allura ba, ya sauke.

Ya ɗauko kujerarsa ’yar tsugune da wata tsohuwar rariya da ta yage, ya kai bakin ɗakin girki, ya zauna yana fuskantar bango.

“Innar yara,” ya ce wa bangon, “abin nan yana aiki, ina jin komai, ba zan yaudare ki ba. Auta ta gaya mini. Ga bayan nan na kawo miki. Ba zan juyo ba, ba zan tanka ba, ko me kika ce. In kin ga dama ki yi, in ba ki gani ba, rariya dai tana buƙatar gyara.”

Ta ci gaba da wanke-wankenta. Ya ji kwano na gogar kwano, ya ji ruwa na tsiyaya daga soso. Ya ji gwiwarta ta yi ƙas da ta miƙe, ya ji numfashinta na fita da ɗan nishi in ta ɗaga tukunya. Bai san tana nishi ba. Ya zauna har la’asar, ya tashi.

Washegari ya dawo da rariyar. Rana ta uku ma haka. Ya gama ɗinke ta, ya warware, ya sake. Marfin kwalba ya sauka a kafaɗarsa sau biyu, bai juyo ba, don ya ce ba zai juyo ba.

A rana ta huɗu, wajen ƙarfe sha ɗaya, ta ɗora shinkafa, ta zauna tana yanka albasa. Wuƙar ta tsaya.

“Wannan rariya dai ta ga ta kanta.”

Allurar ta soke shi a yatsa, bai motsa ba. Muryar ba ita ce wadda ya ajiye a ransa ba. Ta yi ƙasa, ta yi kauri, tana da ’yar tsaga a tsakiya kamar ƙwaryar da aka ɗinke. Amma yadda take jan ƙarshen kalma, kamar ba ta son sakinta, yana nan yadda ya bar shi. Bango ya dushe a idonsa.

“Mutum ya zauna kamar gunki,” ta ci gaba. “Shekara ashirin da biyar yana kurma, yanzu kuma ya koma bebe.”

Sha tara ce. Kalmar ta taso masa har bakin haƙora. Ya danne ta da harshe, ya haɗiye, ya ji ta sauka kamar tsakuwa.

Ta jira. Wuƙar ba ta motsi.

“Tun shekarar da aka haifi Auta,” ta ƙara, a hankali, kamar mai tsokanar kare da sanda.

Auta na da shekara shida a lokacin. Ya cije leɓe, ya zura allura a rariya.

Sai ta yi dariya. Wannan ba ta cikin kwalin, bai ma tuna ya rubuta ta ba. Dariya ce mai fara da tari ta ƙare da shaƙewa, har ta ajiye wuƙa tana buga cinya. “Oh ni! Ashe da gaske yake. Allah ya nuna mini ranar.”

Daga nan zance ya ɓalle. Ta faɗi yadda matar mai kifi ta rina gashinta ya fito ja kamar na masara. Ta faɗi mafarkin da ta yi da mahaifiyarta, tana zaune a bakin gado tana tambayar ina ɗankwalinta mai ruwan ƙasa. Ta ce ƙafarta ta hagu tana yi mata zugi in hadari ya haɗu, kuma ba ta gaya wa Auta ba don kada a ɗora mata ƙwayoyi. Ta koma kan ranar da aka kai shi asibiti, ta ce ta ji tsoro, ta yi addu’a abin ya yi aiki, ta kuma yi addu’a kada ya yi, ba ta san wadda aka karɓa ba sai da ta ga fuskarsa a bakin famfo. Ta ce tun ranar take jin zance ya taru mata a ƙirji kamar ta haɗiyi dutse. Ba ta bi tsari ba. Ta bar labari a tsakiya ta shiga wani, ta dawo ta ƙofar baya, ta sa Talata a inda Laraba take. Shi kuwa yana zaune, jini na ɗan tsattsafowa a yatsarsa, yana mamakin yadda duniya guda ta zauna a bayansa shekara da shekaru, da mutanenta da matattunta da ciwonta, shi yana fere itace.

Tana cikin labarin wata ƙawarta ta ƙuruciya sai ya ji wani sabon sauti daga kan murhu. Tafasar tukunya ta daina ɓulɓula, ta koma wani ƙas ƙas siriri, kamar ana taka busasshen ganye. Bai taɓa jin sa ba, amma ya gane. Ruwan shinkafa ya ƙone, gindin tukunya ya fara kamawa. Albasa ta cika wa Inna hanci, zance ya cika mata baki, ba ta lura ba.

Kalma ɗaya za ta ceci abincin rana. Ya auna ta, ya auna ƙawar da aka baro tsaye a tashar mota da akwati a ka, ba a san ko ta sami mota ba. Ya gyara zama, ya ƙara matsowa da kunnen dama.

Ƙawar ta sami mota, ta yi aure, ta haifi tagwaye, ɗaya ya zama direba. Sai a nan hayaƙi ya iso.

“Innalillahi! Shinkafata!” Ta zabura, murfi ya faɗi yana kewaya a ƙasa. “Kai kuma kana zaune! Ba ka ji tana ƙonewa ba?”

Ya ɗaga kai sama ya sauke, fuskarsa na bango: ya ji.

“Ka ji, ka yi shiru?”

Ya sake ɗaga kai.

Ta tsaya da ludayi a hannu. Can ta ce, “To juyo, malam gunki. Juyo ka ɗauko tire. Kai za ka ci ƙanzon, kuma ban gama ba, ɗayan tagwayen ne labarin.”